Keken da Ke Ɗinki a Ɗakin Kulle

Sallah ta matso, kuma duk gidan hayarmu a Yendi 'yata kaɗai ce ba ta da riga. Da na zauna gaban keke sai kira: "Amariya, riƙe min yaro." "Amariya, duba min tuwo." Ni kuwa bakina bai iya a'a ba.

Sai na yi dabara, har ina jinjina wa kaina. Na garƙame ƙofata da kwaɗo ta waje, na goya 'yata, na haura ta tagar baya na koma ciki, takalma a hammata. Abu ɗaya na manta: keke ba ya aiki shiru.

Ina haɗa hannun riga na ji Mma Azara, mai gidan hayar, tana salati: "Ɗaki a kulle, keke yana tafiya! Ku kira Malam!"

Kunya ta hana ni amsawa, rigar ta hana ni tsayawa. Malam yana tofi a bakin ƙofa, ni ina kalmasa. Sai da na yanke zaren ƙarshe na leƙo.

Ranar Idi rigar 'yata ta fi ta kowa. Har yau mai kawo yadi sai ta tambaya: "Amariya, aljaninki yana karɓar aiki?"