Rasuwar Shatu, Tamaular Ƙarƙashin Gada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da ba su san inda za su dosa ranar Lahadi ba, Sabiru Maidaji na unguwar Dengfeng yana sanar da 'yan'uwa mazauna Guangzhou, ɗalibai da 'yan kasuwa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da mutanen Zango, rasuwar abokiyar zamansa, tamaularsa Shatu. Ta rasu ranar Lahadin da ta gabata, a cikin wannan shekara ta 2007, bayan jinyar da ta faro tun ranar da ƙungiyar ɗalibai ta Taurarin Arewa ta sauya gasa.

An haifi marigayiya a wata masana'anta da ke bayan gari. Samfur ce, an ɗinka ta ne domin a nuna wa wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya zo sarin kaya. Alhaji ya juya ta, ya matsa ta, ya shinshina ta, ya ce a rage kuɗi. Laoban, wato mai masana'antar, ya ce meyo, babu. Ciniki ya watse. Sabiru, wanda ya raka Alhajin yana yi masa tafinta da yatsu da kalkuleta, ya tashi ba shi da ko kuɗin bas. Laoban ya ji tausayinsa, ya miƙa masa samfurin. Haka Shatu ta shigo gidansa a matsayin la'ada, kuma a duk tsawon zamansa a ƙasar nan bai taɓa karɓar la'adar da ta yi albarka irin tata ba.

Waɗanda suka san mai makokin tun daga gida sun san mutum ne da zama ba ya karɓarsa. Ya bar makaranta a aji biyu na sakandare, ya yi acaɓa, ya yi gyaran waya, ya taɓa Legas, ya taɓa Kwatano, duk inda ya fara sabawa sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Shatu ce kaɗai ta iya zaunar da shi gari guda har shekara uku. Duk sa'ad da ya fara tambayar kuɗin jirgin Dubai, sai ya tuna akwai wasa ranar Lahadi.

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san doka guda da ba a rubuta ta a ko'ina ba: mai tamaula ba ya zaman benci. Wannan doka ta tsallako teku tare da mu, ta sauka lafiya. A garin da ake cika kwantena da tamaula kullum, ba a taɓa samun ɗalibi ɗaya cikin Taurarin Arewa da ya ciro kuɗinsa ya sayi guda ba, domin wanda ya saya shi zai wanke ta, ya hura mata iska, ya yi ta fama da ita a cikin bas. Sabiru ya yarda da wannan wahala. Ɗaliban kuma suka yarda da shi a matsayin ɗan baya na hagu, ba tare da an tambaye shi jami'ar da yake ba.

Masu hassada sun sha faɗin cewa a shekarun nan uku sau biyu ya ci, kuma duka a ragar ƙungiyarsa. Iyalan marigayiya ba su musanta ba. Suna dai tunatar da jama'a cewa Shatu ta san mai ita, kuma in ta taɓa ƙafarsa takan rikice saboda ƙauna. Sau ɗaya kyaftin Kallamu, ɗalibin injiniya, ya gwada fitar da shi daga wasa. Sabiru bai yi gardama ba, bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya ɗauki Shatu, ya saƙale ta a hamata, ya nufi tashar bas. Ƙungiyoyi biyu da alƙalin wasa suka bi shi suna ba shi haƙuri. Tun daga ranar ba a sake ba a tsohuwar gasa.

Marigayiya ta yi rayuwarta ne a Gasar Ƙarƙashin Gada, wadda Malam Harouna ɗan Yamai, mai sarin atamfa, yake shugabanta da usur ɗinsa. Ƙungiya shida ne: ɗalibai, Maraɗawa, 'yan Zango, da sauran maƙwabta na Mali da Gini. Filin siminti ne, ginshiƙan gada su ne raga. Kuɗin shiga gasar katan ɗin ruwa ne da kwalin sigari na maigadin wurin. Kofin gasar wata ƙatuwar butar shayi ce mai ruwan azurfa. In an tashi, wanda ya ci da wanda aka ci duk sai su zarce gidan abincin Hajiya Fasuma, a ci shinkafa da miya a ƙarasa rigimar a can.

A wannan fili Shatu ta nuna halinta. Mai haƙuri ce. Ta sha duka daga takalmin ƙwallo, da silifa, da takalmin zuwa masallaci, ba ta taɓa bambanta ɗan digiri da ɗan dako ba. Muryarta tana nan a kunnen masoyanta: tim, tim, in tana tsalle a siminti, ƙwam, in ta daki ginshiƙi, da wani ɗan siririn fiii da takan yi da safe in ana hura mata iska, kamar mai gaisuwa. Ta taɓa fasa tagar maigadi, amma an tabbatar ba da niyya ba ne.

Ciwon ajalinta ya faro ne a wani taro. Ma'ajin ƙungiya, Al-Amin, mai karatun tattalin arziki, ya kawo labarin wata babbar gasa ta ɗaliban ƙasashen waje. A can akwai ciyawa. Akwai alƙali mai katin ja da na ɗorawa. Akwai wani kamfanin waya da zai riƙa raba wa ƙungiyoyi kasonsu kowace kaka. Ya ce ƙungiya irin tasu ta girmi ƙarƙashin gada, kuma duk wanda bai matsa gaba ba za a bar shi da 'yan atamfa.

Sai kuma ya zo kan abin da za a kashe. Akwai kuɗin shiga, da kuɗin ajiya da za a mayar wata rana, da inshora. Riguna dole a saye su a shagon da gasar ta zaɓa, ninki uku na farashin kasuwar tufafi ta Shahe. Wasannin kuma ba nan kusa ba ne, wani a tsibirin jami'o'i, wani a Foshan, wani a Dongguan, sai an yi hayar bas. Al-Amin ya yi bayani mai gamsarwa cewa asarar shekarar farko da ta biyu ba asara ba ce, zuba jari ne, riba tana shekara ta uku. An tafa masa. Babu wanda ya ɗaga hannu ya tuna cewa kafin shekara ta uku dukansu sun gama karatu sun koma gida.

Da aka zo karo-karo, sai aka tarar alawus ɗin ɗalibai bai iso daga jihohinsu ba, kamar yadda aka saba. Idanu suka juyo kan mutum ɗaya tilo da ke da sana'a a cikin ƙungiyar. Sabuwar gasar tana neman katin ɗalibi, amma ta bar wa kowace ƙungiya gurbi ɗaya na baƙo. Kallamu ya dafa kafaɗar Sabiru a gaban kowa, ya kira shi Oga, ya ce wannan gurbi an halicce shi ne dominsa. Sabiru ya kwance abin da ya daɗe yana tarawa don ya aika katan ɗin wayoyinsa na farko Kano da sunansa, ya miƙa.

Malam Harouna da ya ji labari ya yi faɗa da Hausa, da ta ƙare masa ya ci gaba da Faransanci. Ya ce babu mai fita daga gasarsa a tsakiyar kaka sai ya biya kuɗin fita: a mayar da butar shayi da ke hannun ɗalibai, a kuma ciyar da sauran ƙungiyoyi biyar da rago a wurin Hajiya Fasuma. Al-Amin ya ce bai taɓa jin wannan doka ba. Malam Harouna ya ce ai ba zai ji ba, yanzu ya kafa ta. Ragon ma daga aljihun mai makoki ya fito.

Ranar wasan farko a sabuwar gasa, Sabiru ya wanke Shatu da sabulu, ya goge ta da man shafawarsa, ya ɗora ta a cinya a cikin bas. Ba ta taɓa ganin ciyawa ba. Da suka isa, ya kai ta gaban alƙali da hannu biyu. Alƙalin ya matsa ta da babban yatsa, ya dubi facin da ke gefenta, ya girgiza kai. Sai ya jawo wata jakar raga, ya zazzage tamaula shida farare fat, kowace da sunan kamfani a goshinta. Kyautar gasa ce, tana cikin kuɗin shiga.

Kallamu ya dubi tamaula shidan nan. Ya dubi Sabiru. Ya sake duban su. Shaidu sun ce sun ga lissafin yana tafiya a fuskarsa. A gefe kuwa ga wani yaro ɗan Kumasi mai gudu kamar an koro shi, wanda ya biyo bas ɗin wai don kallo, amma da takalminsa a leda. Kallamu ya matso a hankali, ya ce wa Oga Sabiru yau dai ya ɗan huta.

Sabiru bai yi gardama ba. Ya sunkuya ya ɗauki Shatu, ya saƙale ta a hamata, ya nufi ƙofar fita, yana tafiya sannu-sannu don a samu damar cim masa. Ya kai ƙofa. Ya tsaya ya gyara igiyar takalmi. Sai ya ji an busa usur a bayansa, wasa ya fara.

Daga ranar Shatu ba ta sake lafiya ba. A hura ta da safe, kafin la'asar ta lanƙwashe. An kai ta wurin tsohon nan mai facin keke na bakin layin Dengfeng, ya tsoma ta a kwanon ruwa, kumfa ta riƙa fitowa ta wurare uku. Ya yi mata allurar gam, ya karɓi yuwan biyu, ya ce a kai ta gida a kula da ita. Tana kwance a ƙarƙashin gado labarai suka riƙa iso mata: an ci Taurari bakwai da nema a Foshan, bas ya ɓata da su a hanyar Dongguan, kason kamfani kuma ya fito, amma ba kuɗi ba ne, wayoyi ne guda goma da ba sa jin kowane yare sai Sinanci. Ba ta da riƙo.

Ranar Lahadin ƙarshe mai ita ya ga ta ɗan ji sauƙi, ya ce bari ya kai ta ta ga gida. Suka isa ƙarƙashin gada suka tarar babu kowa. Tun da ɗalibai suka fita, ƙungiya biyar suka kasa rabuwa biyu-biyu, 'yan Zango suka watse, sigarin maigadi ya yanke, shi kuma ya ba da filin haya ga motocin kaya. Sabiru ya sami wani ɗan lungu tsakanin motoci biyu, ya riƙa buga ta a jikin ginshiƙi shi kaɗai. Ta amsa, ƙwam, ƙwam, da 'yar muryar da ta rage mata. A bugu na ƙarshe ya saita ginshiƙin, ta bi ta gefensa kamar yadda suka saba, ta gangara titi. Wata mota ɗauke da dilolin Shahe tana tafe. Kalmarta ta ƙarshe ita ce fus.

Marigayiya ta bar famfo ɗaya mai lanƙwasasshiyar allura, da jakar da take kwana a ciki, da dangi masu yawa da aka yi jigilarsu zuwa Kano da Maraɗi da Agadas ba ta taɓa saninsu ba. Ta kuma bar ɗan baya na hagu guda ɗaya, mai cikakkiyar lafiya, wanda a halin yanzu babu ƙungiyar da ta neme shi.

Ba za a yi mata sallah ba. An tambayi masana sun ce roba ce da fata, kada a wahalar da liman. Za a dai haɗu a bakin titin Masallacin Huaisheng bayan an sauko Juma'a, a ɗunguma zuwa wurin Hajiya Fasuma, kowa ya biya nasa. Robar cikinta an yi sadaka da ita ga mai facin keke, domin ta ci gaba da amfanar jama'a. Fatar za ta zauna a wurin mai ita. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya kawo sabuwar tamaula a matsayin gudummawa. An gode, amma a inda ake wasa yanzu ko guda ɗari mutum ya zo da su ba za su saya masa minti biyar ba. Ta'aziyyar Kallamu da Al-Amin za a karɓe ta daga nesa.

Zaman makoki zai kasance ranar Asabar a sabon filin, lokacin wasan Taurarin Arewa, a layin 'yan kallo na farko, daidai bayan bencin ƙungiya. Kuɗin shiga yuwan biyar ne. Mai makokin ma da tikitinsa zai shiga. Wanda ya gan shi sanye da takalmin ƙwallo, ya ɗaure igiya tam, yana miƙewa duk sa'ad da wani ɗan wasa ya faɗi, ya yi masa gaisuwa kawai ya wuce, kada ya tambaye shi komai.