Injiniya Ya Samu Fili

Allah ya yi wa layinmu baiwa da Injiniya. Bai taɓa gina ko akurkin kaji ba, amma ya yi shekara goma sha biyu yana jera fayil a ofishin da ake ajiye taswirorin gari, kuma a ganinsa ilimi ta hanci yake shiga idan mutum ya daɗe yana kakkaɓe takardu. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Mu kuma muka amsa, don a zauna lafiya.

Ɗaki biyu yake haya, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu, amma zanen gidansa kullum yana naɗe a hammatarsa: bene, falo uku, har da garejin motar da bai saya ba. Fili kawai ya rage.

Akwai wani kango a ƙarshen layi, bayan injin niƙa, wanda awaki suka mayar nasu. Wata rana a ofis idonsa ya faɗa kan wata takarda: za a ja sabon titi ta gaban kangon nan. Tun daga ranar ya hana awakin sakat. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya tsaya a tsakiya yana nuna wa iska inda matakalar bene za ta hau.

Wata uku yana cigiyar mai filin. Da ƙyar mai injin niƙa ya tuna cewa na wata tsohuwar ungozoma ne, gadon mijinta. Kafin Injiniya ya je wurinta, sai da ya fara shaida wa mai gidan haya ya nemi wani, shi ya kusa tashi.

Matarsa ta ce, "Baban yara, da ka bari an yi ciniki tukuna."

Ya ce, "Ke, harkar ƙasa ake yi, ba cefane ba."

Ya tarar da tsohuwar a tsakar gida tana shafa wa gwiwarta magani. Ta ce dama filin ya ishe ta. Ta faɗi kuɗin da ko shi sai da ya sake tambaya, don araha. Ta ce gobe ya zo da shaidu. Da wani ne, sai ya ce na saya, ya ɗauki takalminsa. Amma yana miƙewa ta ƙara da cewa, "Ni dai na rasa abin da ka gani a wannan juji, ɗan nan."

To, nan fa. A ce tsohuwa ta kwana tana zaton Injiniya bai san abin da yake yi ba? Ya koma ya zauna.

"Iya, mu da muke ciki mun ga abin da ba ku gani ba. Titi ne zai bi ta nan, mai hannu biyu! Ni na riƙe takardar da hannuna. Nan da shekara biyu, taku ɗaya na filin nan sai ya sayi gidan da kike ciki."

Ya yi rabin awa yana zana mata titin da tsinke a ƙasa, har da fitilu.

Tsohuwa ta rufe kwalbar maganinta. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Ashe saura ƙiris in cuci jikokina. Na fasa." Ta dube shi sama da ƙasa. "Da gani kana da rubutu mai kyau. Rubuta min allo cewa filin ba na sayarwa ba ne, a kafa a wurin, kada wani ya sake zuwa ya dame ni."

Ya rubuta. Yau iyalinsa suna cunkushe a ɗaki ɗaya a gidan surukinsa, shi kuwa yana gaya mana cewa shi ne babban mashawarcin tsohuwar kan harkar filaye. Mai injin niƙa ya taɓa tambayarta ko gaskiya ne.

Ta ce, "Wa? Au, wannan ɗan masinjan mai surutu?"