Tabarau na Alhaji, hankalina a Katagum

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a shagon tabarau da nake aiki a Azare, lokacin wayar hannu ta fara shigowa gari. Ni ke yanka kwalbar tabarau a inji, kuma ina ji da kaina ƙwarai.

Da hantsi sai ga Alhaji daga Katagum, mahaifin Hadiza, malamar firamaren da nake nema da aure. Ya kawo firam ɗin tabarau da ya sayo a Makka. Oga, mutumin Kudu da ya tsufa a Azare, ya miƙo mini idanun da za a saka.

"Na roba ne, ba kwalba ba," in ji shi. "Canja dutsen gugar injin, ka bi a hankali. Roba ba ta son zafi."

Na ce to. (Kunne ne kawai ya ji.)

Ina kunna injin, ruwa na ɗiga a kan dutse, sai na lula. Ga ni a bakin kogin Katagum da yamma, Hadiza na tafe cikin shuɗin mayafi. Har na gina mana gida, na dasa mangwaro, na raɗa wa 'ya'ya uku suna. Ina cikin zaɓar makarantar na farin, ƙaurin roba ya farkar da ni. Ashe da dutsen kwalba nake ta danna ta. Gefen ya narke, idon dama ya yi wa firam kaɗan.

Maimakon in faɗi gaskiya, na cusa shi, na ɗaure noti, na yi addu'a.

Bayan La'asar Alhaji ya dawo. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Ya saka, ya sunkuyo ya dube ni da kyau, sai idon tabaran ya faɗo cikin aljihun rigata. Alhaji ya zura yatsa ta ramin, ya sosa fatar idonsa.

"Kai ne Hadiza ke cewa hannunka ba ya kuskure?"

"Ni ne, Baba," na ce, muryata kamar ta ɗan tsako. Oga ya shige ciki, ina jin dariyarsa ta bango.

Tun ranar na gane kowane abu da dutsen da yake so, mafarki kuma sai an kashe inji. Alhaji dai ya ba ni 'yarsa. Tabaransa kuwa, har yau Kano yake kaiwa.