Rasuwar Akwatin Shela na Ƙofar Gidan Kimba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, tsoho Kimba na Dakoro yana sanar da dangi da makiyaya rasuwar Akwatin Shela, wanda ya shekara huɗu bisa dogon ƙarfe a ƙofar gidanshi.

A sani, Kimba ne ya riga kowa ganin marigayin. Ran da motar ƙungiyar makiyaya ta kawo shi, masu lakwal, 'yan boko, suna ta jujjuya takarda, Kimba da bai taɓa riƙe alli ba ya dube shi sau ɗaya ya gane aikinshi. Mutumin da ya fita daga farin shekarar saba'in da uku da na tamanin da huɗu da ƙafarshi, ba a koya mishi darajar labarin ruwa.

Marigayi ba ya ƙirƙirar magana. Wata 'yar na'ura da ke cikin tankin ruwan garin ce take faɗa mishi tanki ya cika ko ya ƙafe. Ma'aunin ruwan sama na hanyar Birnin Lalle ya faɗa mishi nashi, mai allurar dabbobi ma haka. Shi kuma ya rarraba wa wayoyin da suka yi rajista, kowa abin da ya ce yana son ji. Tanki bai san wa ke saurare ba, mai saurare bai taka zuwa tanki tambaya ba. Bai taɓa ƙara gishiri ba. Bai taɓa kai wa mai raƙuma labarin allurar kaji ba. In saƙo ya ratsa ta cikinshi, abin da yake cewa kawai shi ne, “Ƙit-ƙit.”

Ajalinshi ya zo ranar kasuwa, ta hannun Abarci dillalin shanu. Dillali dai duk abin da ya gani tsaye turke ne a wurinshi. Sau uku Kimba yana hana shi ɗaure dabba a ƙarfen nan. Rannan ya faki idon tsoho, ya ɗaure wani jan bijimi mai dogon ƙaho da aka koro daga Tagriss, ya tafi shan shayi. Saƙo ya shigo, marigayi ya yi ƙit-ƙit kamar kullum. Bijimin daji bai taɓa jin ƙarfe ya yi magana ba. Ya zabura, ya tumɓuke ƙarfen, ya ja shi har bakin kwata.

Kwana uku marigayi ya yi yana jinya, hankalinshi a gushe. Saƙo guda ya maƙale mishi a baki, yana ta maimaita wa gari cewa tanki ya cika, alhali ko ɗigo babu. Mata suka ɗora jarkoki a amalanke suka je suka dawo wayam, kuma ba ƙofar Abarci suka tsaya zagi ba, ƙofar Kimba suka tsaya. Shi kuwa Abarci yana bin rumfuna yana cewa akwatin ya gaji mai shi wajen ƙarya. Wagga magana ta fi bijimin ciwo. Ran na uku, bayan la'asar, marigayi ya yi rabin ƙit, ya yi shiru.

Ya rasu ya bar pano ɗaya na hasken rana mai tsage a goshi, da batir da ya tsufa a dare ɗaya, da wayoyi ɗari da arba'in da uku da suka zama marayu daga nan har Roumbou.

Game da gado: ƙungiya ta yi alkawarin wani akwatin bayan girbi, kuma takardar rajista tana hannun Fadimata, ɗiyar Kimba. An riga an soke lambar Abarci, an bi ta da biro har takarda ta huje. Kafin magaji ya iso, Kimba da kanshi zai riƙa zuwa tanki da sassafe, ya dawo ya sanar da duk wanda ke cikin takarda, gida gida. Zai wuce ƙofar Abarci bakinshi a rufe. Ana roƙon marayu kada wanda ya tsegunta wa dillalin komai. A bar shi ya koro shanun mutane cikin rana ya tarar da tanki a bushe, ya tsaya ya yi wa masu shanun bayani. Ranar allura ma ya ji ta a bakin dabbobin da aka riga aka yi wa.

Za a binne marigayi ranar Laraba da hantsi, cikin ramin da ƙarfen ya bari. Ba za a yi mishi salla ba, Kimba ya san addininshi. Za a karɓi gaisuwa a kan tabarma, akwai fura. Abarci ba a gayyace shi ba, kuma ba wanda zai faɗa mishi ba a gayyace shi ba.

Wanda ke shakkar kalma ɗaya cikin wannan sanarwa, igiyar tana nan a jikin ƙarfen, ba a kwance ta ba. Kowane dillali a Dakoro da irin ƙullinshi. Ya zo ya duƙa ya duba da kyau, sannan ya ɗago ya kalli Kimba cikin ido ya faɗi ƙullin wane ne, in yana da baki.