Rabon Babur

Da likita ya ce in rage tumbi, na sayi agogo mai ƙirga taku, na haɗa shi da manhajar abinci: in na yi tafiya, ta ƙara min abin da zan ci. Kullum na dawo Kazaure daga Gwiwa a babur, sai agogo ya nuna na fi makiyayi yawo. Na kasa zaune na kasa tsaye, kowa sai na nuna masa, sannan in zarce wurin mai tsire.

Ranar da wandona ya ƙi shiga, matata ta ce, "Malam, yaushe ka taka ƙasa? Gargadar hanya agogon nan yake ƙirgawa."

Har yau in ta zuba min tuwo sai ta ce, "Na babur yana tukunya."