Rasuwar Usaini, Faifan Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar kunyar da ba ta ɓoyuwa, iyalan Malam Abdulbaƙi na Tudun Gwandara a nan Lafiya suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar faifan ajiyar bayanansu na kwamfuta, Usaini, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Lahadi bayan la'asar. Ya rasu yana da shekara bakwai, a bakin aikinsa, cikin ɗan akwatin nan da ke kan kanta a falo, kusa da na'urar wayfay.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, su biyu ne a akwatin, tagwaye, kowanne terabait biyu. Duk abin da wayoyin gidan suka tura, sai a rubuta shi a cikinsu duka biyun, don in ɗaya ya kwanta ɗaya ya riƙe gida. Malam ne ya raɗa musu suna ranar da suka zo, na dama Hasan, na hagu Usaini.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya zaɓen kaya. Ya ɗauki takardun makaranta, ya ɗauki hoton ragon layyar kowace shekara ta fuska uku, ya ɗauki bidiyon walimar da har yau babu wanda ya kalla, bai taɓa cewa uffan ba. Iyakar maganarsa da safe ita ce "kir-kir-kirrr", daga nan sai aiki. Amma babbar amanarsa ita ce muryar Inna Zuwairatu, mahaifiyar Malam, awa arba'in da ɗaya da aka ɗauka kafin rasuwarta: tatsuniyoyi, waƙoƙin daka da jerin sunayen kakanni, duk da Gwandaranci. Wayar da aka yi ɗaukar da ita ta daɗe da faɗawa rijiya. Ban da cikin tagwayen nan, babu inda muryar Inna ta rage a duniya.

Ciwon ajali ya soma ne da damina, lokacin da aka fara jin "ƙat... ƙat..." daga akwatin. Manhaja ta aiko da saƙo cewa faifai na ɗaya ba shi da lafiya. Tersugh mai gyaran kwamfuta ya kawo sabon faifai mai terabait huɗu, aka sa masa suna Gambo, tunda shi ya biyo tagwaye. Tersugh ya kuma bar umarni dalla-dalla: a fara kwafe komai a wani faifai na daban a ajiye, sannan a zare na ɗaya shi kaɗai, a sa Gambo a gurbinsa, a jira mai lafiyar ya gama juye masa komai. Sailuba, matar Malam, ta maimaita batun kwafin har sau biyu. Malam ya ce ai shaidu biyu sun wadatar ko a gaban alƙali, balle a falo.

To, Malam Abdulbaƙi shekararsa ashirin da shida yana koyar da Larabci. Mutum ne da ko jerin gwanon gidan mai ya gani, daga dama yake soma ƙirga. Ranar Asabar da hantsi ya yi bisimilla, ya zare na dama, wato Hasan, ya zura Gambo. Ita kuwa na'urar, boko ta yi, daga hagu take ƙirga nata. Mai lafiyar aka fitar, aka bar majinyacin da aikin.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma kyauta ba ta kwana a hannun Malam. Nan take ya miƙa Hasan ga maƙwabciyarsu Fanen, wadda ke neman faifan da za ta sa wa kyamarar shagonta, tare da gargaɗin cewa ba shi da isasshiyar lafiya, ta lallaɓa shi. Kafin azahar an goge shi tas.

Sai aka sake jin "ƙat... ƙat..." daga kan kanta.

Da aka kira Tersugh, ya diro daga Keke Napep ko canji bai tsaya karɓa ba. "Oga Malam, wane ka cire?"

"Na ɗaya mana."

"Na ɗaya daga wane gefe?"

Malam ya ɗaga hannun dama, hannun ya tsaya a sama ya kasa saukowa.

"Yanzu kam sai addu'a," in ji Tersugh. "Kar kowa ya taɓa shi, kar wuta ya tafi. In ya mutu kafin juyewa ya kai kashi ɗari, komai ya tafi, har da muryar Inna."

Iyalan na shaida cewa marigayin ya yi ta maza. Aka juya masa fankar falo, aka hana yara gudu, aka kunna janareta alhali akwai wuta. Usaini yana tari yana karanto wa Gambo abin da ke cikinsa, kashi goma, kashi talatin. Ranar Lahadi da safe ya tsaya cak a sittin da uku, awa guda bai motsa ba. A nan ne Malam ya zagaya bayan gida ya yi kuka, kuka na gaske, domin ji ya yi zai sake binne mahaifiyarsa, wannan karon kuma da hannunsa ya jawo. Sailuba ta bi shi da buta, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da suka dawo an shiga sittin da huɗu.

Bayan la'asar ya cika ɗari. Aka buɗe muryar farko daga cikin Gambo, sai ga Inna tana gyaran murya tana tambayar ko abin ya fara ɗauka. Usaini ya ce "ƙat" sau ɗaya, bai ƙara ba.

Ya rasu ya bar ɗan'uwansa Hasan, wanda yanzu bai san kowa ba sai masu shiga shagon Fanen. Ya bar magajinsa Gambo, da gurbin hagu da ke jiran sabon faifai, da wani faifan kwafi da Sailuba ta sayo ranar Litinin ta ajiye a gaban Malam. Ta kuma manna lamba a jikin kowane gurbi, da baƙin boko da na Larabci.

Ba za a yi wa marigayin salla ba, liman ya riga ya ja kunne. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma Tersugh zai huda shi wuri uku don rufin asirin gida, sannan a miƙa shi ga masu sayen tsohon ƙarfe. Za a karɓi gaisuwa a gindin mangwaron ƙofar gida bayan azahar, inda za a kunna muryar Inna a lasifika. Kada kowa ya ɗauko komai. Roƙon iyalan ɗaya ne: duk mai tsoho ko tsohuwa da ke jin Gwandarancin da, ya taimaka ya zo da su, za a aika keke. Akwai wurare da yawa a maganar Inna da Malam ya saurara ya sake saurara bai gane ba, ga shi kuma babu wanda zai tambaya.