Ranar da Tela Ya Yi Ta'aziyyar Kansa

"...Lafiya lau na kwana, ganinki ne ya ɗan rage ta. Shigo, Amarya, amma ki sunkuyar da wuyan nan kada ki fasa mini ƙwan fitila."

Tsohon tela ne yake yi wa jikarsa maraba. Ma'aikaciyar jinya ce, ta biyo da hantsi karɓar rigar aikinta da ta ba shi ya rage mata. Rigar tun jiya ya gama ta, amma ya ninke ya danne ƙarƙashin matashin da yake zaune a kai, kuma yana da dalili. Maƙwabcinsa mai gyaran agogo, wanda bango ɗaya ya raba shagunansu shekara da shekaru, ya rasa matarsa, sai yau ya sake buɗewa. Mutumin ba ya jin Hausa, tela ba ya jin Turanci. Da ɗaga hannu da aron tsintsiya suka tsufa tare. Da safe da tela ya ji motsin ƙofarsa, sai ya duƙe bayan keken ɗinki kamar mai neman allura, don ba shi da abin faɗa. Kunyar wannan duƙawar ce take cin sa.

"Wuyana na gado ne, Ango, wajen baiwar Allah da ta yi kuskuren aurenka," in ji ta. Ta miƙa hannu ta zare ƙullin alewa daga cikin gwangwanin maɓallai ta jefa a jaka. "Likita ya hana ka. Ina rigata?"

"Tana hannun hukuma."

"Wace hukumar?"

"Ga ta zaune a kai. Belinta kuwa Turanci ne. Gaisuwar rashi nake so, wadda zan kai wa mai agogo."

"Turanci? Kai da ko lambar awo da farce kake riƙe ta?"

"Gemu ba ya hana ilimi."

"Gemu ba ya hanawa. Rashin haƙora fa?"

"Biyun da suka rage sun ishe ni cizon marowaciya. Fito da kaya mu gani."

Ta zauna a bencin masu jira tana dariya. "Abu mai sauƙi. Ka ce masa sorry."

"Sori? Wadda ake ce wa mutum in an taka masa ƙafa a mota? Bawan Allah ya binne matarsa, in je masa da gaisuwar taka ƙafa? Wannan ƙyalle ne, ko aljihu ba zai fitar ba. Sauko mini da babban yadin da ke saman kanta. So nake in ce Allah ya ba shi haƙuri."

"Haƙuri patience ne. Amma nasu ya fi kama da na mai tsayuwa a layi. In ka faɗa masa haka, zai ɗauka cewa kake ya jira, layi na zuwa kansa."

"Subhanallahi! Mayar da wannan. To me suke roƙa wa wanda aka yi wa rashi?"

"Comfort. Wato Allah ya sanyaya masa zuciya, ya lallashe shi."

Tela ya juya kalmar a baki kamar mai taɓa yadi da yatsa. "Kamfot. Wannan tana da laushi. Ajiye mini ita gefe. Addu'a fa?"

"Prayer."

"Salla kuma?"

"Ita ma prayer."

"Riga ɗaya mutum biyu? Ashe akwai waɗanda suka fi ki rowa a duniya. Rai fa, ko shi ma a cikin rigar aka cusa shi?"

"A'a, shi biyu gare shi. Soul shi ake roƙa wa hutu in mutum ya tafi. Spirit kuwa ɗan yawo ne, yau ƙarfin zuciya, gobe iska mai firgita mutane. Kada ka kai masa wannan."

"Ji ɓarna! Inda ake neman biyu sun yanka ɗaya, inda ɗaya ta isa sun ƙarar da yadi. Wanda ya ɗinka yaren nan bai zauna gaban maigida ba."

"Da sun kawo maka, ai da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kamar rigar da ka yi wa babana."

"Hannun ubanki ne bai daidaita ba."

Ya juya ya dubi bangon. Ta bayansa babu ko tari, sai ƙas-ƙas ɗin agogai.

"Amarya, mutumin nan coci yake zuwa. Kada ki ba ni abin da zai matse shi, ko wanda ni zan ji nauyin sawa."

"Sunan Allah za ka kira, God, ka roƙa masa sanyin zuciya, ita kuma ka yi mata fatan hutu da salama, peace ke nan. Wa ka taɓa gani ya mayar da wannan?"

Ta haɗa masa su jimla biyu gajeru. Ya yi ta bi, tana gyarawa, yana zargin harshenta da karkata, har jimlolin suka zauna masa a baki.

"To tashi ka je, ka ba ni rigata."

"Ina! Ni ban taɓa miƙa ɗinki ba a gwada ba. Ba na cinikin biri a sama. Gyara zama, ke ce aka yi wa rashi. Mijinki ya rasu."

"Mijina? Ai duk garin nan an san kai ne kake kiran kanka mijina. Ka mutu ke nan!"

"Na mutu. Kuma ga ni na zo gaisuwa, don na san danginki ba za su zo ba."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana danne dariya. "Wayyo ni! Ya tafi ya bar mini tsohon keke da gwangwanin maɓallai. Yaushe takaba za ta ƙare in auri mai haƙora?"

"Wa zai kwashi raƙumin dawa? Zauna daidai, ana gaisuwa."

Ya fita waje, ya yi sallama, ya shigo a hankali yana dafa bango. Ya cire hula, ya durƙusa gabanta da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Nufinsa wasa ne. Amma da ya buɗe baki sai fuskar mai agogo ta faɗo masa, da kwanon abincin da matar take kawowa kullum da rana, wanda ba za a ƙara kawowa ba. Muryarsa ta sauka da kanta.

"Me God kamfot yu," ya ce. Sai Turancin ya ƙare masa, Hausa ta karɓa. "Tsoho ne mai yawan surutu, 'yar nan, amma yana ji da ke. Shi ya ɗinka miki rigar makaranta ta fari. Ya bar mata lanƙwasa mai faɗi a ƙasa, yana saki kaɗan-kaɗan kina girma. Ya ce in gaya miki..."

"Kaka, daina."

Rabon da ta kira shi Kaka har ya manta. Ya ɗaga mayafin, ya tarar da hawaye shaɓe-shaɓe.

"Af! Ina mai neman mai haƙora?"

"Ƙurar shagonka ce, ba ka shara."

"Ƙurar nan tun kafin a haife ki take, yau ta ga damar shiga ido? Ɗinki ya zauna. In ya huda zuciyar marowaciya, ta mai agogo ba za ta gagara ba. Ɗaga ni."

Ta ɗaga shi. Ya zaro rigarta daga ƙarƙashin matashi ya cilla mata, ya mayar da hula, ya fita bai duƙa wa komai ba.

Ya sami mai agogo zaune, gilashin aiki a goshi, bai taɓa ko agogo ɗaya ba. Tela ya faɗi jimlolinsa biyu, ta biyun tana ɗingishi, amma ta isa. Mutumin ya dube shi ya daɗe, sannan ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe gam.

"Amen," ya ce.

Sai da suka zauna tare na ɗan lokaci, sannan tela ya leƙo shagonsa, idonsa ja, bakinsa har kunne.

"Amarya, amin ya ce! Ashe mutumin nan yana jin Hausa, shekara da shekaru yana ɓoye mini!"

Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai dariya ta ƙwace mata. Ta zaro ƙullin alewar ta danƙa masa.

"Ka kayar da ni yau, Ango. Ɗaya taka, saura na maƙwabcinka."

"Ai gadon mamaci ne," in ji shi, "kuma mamacin ya zo karɓa da kansa."